ASALIN SUNAN TURE DA YADDA YA RATSA ƘASARMU

Sauran shafuffukan wannan littafi sun ba da labarin shekaru hamsin. A nan kuwa za mu koma baya ƙwarai, mu bi sawun wani suna guda ɗaya wanda ya girmi iyakar da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Benin da fiye da shekara 500. Sunan shi ne Ture. Waɗanda suke zuwa cin kasuwa Malanbil da Kandi da Paraku sun saba da shi, a can ana rubuta shi irin na Faransanci, watau Touré. Mu da ke wannan gefe, daga Bagudo zuwa Illo da Lolo da Tsamiya, da yawa cikinmu mun ɗauka sunan mutanen Gini ne kawai, saboda marigayi Shugaba Seku Ture wanda ya mulki ƙasar daga 1958 zuwa 1984. Amma masu wannan suna sun sha ƙetare kogin nan namu tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya ba.

SUNAN UBA DA SUNAN ZURIYA

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu rarrabe abu biyu. A al'adar Hausa mutum yana da sunan yanka, sa'an nan a haɗa masa da na ubansa, a ce Audu ɗan Bawa. Idan Audu ya haifi Garba, sai a ce Garba ɗan Audu, Bawa kuwa ya fita daga lissafi ke nan. Bayan jikoki da tattaɓa-kunne, sai tsofaffi kaɗai ke tuna da shi. Abin da ke riƙe asali a wurinmu shi ne gari, da sana'ar gado, da zanen fuska.

Akwai al'ummai kuwa da suka tsai da suna wuri ɗaya, ya zama na zuriya duka. Misali mai sauƙin ganewa shi ne na mutanen Ailan da na tsaunukan Sikotilan, masu magana da harshen Gelik. A harshensu Mac yana nufin ɗa, O kuwa jika. Da fari suna yi kamar yadda muke yi, kowa da sunan ubansa. Amma tun wajen ƙarni na 10 mutanen Ailan suka soma barin sunan kaka ɗaya ya zauna. Sarki Brian Boru ya mutu a yaƙi a 1014, har yau zuriyarsa O'Brien ake kiransu, watau jikan Brian, ko da yake tsakaninsu da shi shekara dubu ce. Dattawanmu suna tuna Gwamna Makfasan, wanda ya riƙi Nijeriya daga 1948 zuwa 1955, aka kuma sa wa tsarin mulkin 1951 sunansa. Ma'anar sunan nan a Gelik ita ce ɗan limamin coci. Wani kakansa na can nesa ne ɗan limamin, shi dai gado ya yi.

Irin wannan suna yana da nauyi har sarki yakan ji tsoronsa. A 1603 Sarki James na shida na Sikotilan ya haramta sunan MacGregor ɗungum, bayan wani yaƙi da zuriyar suka yi da maƙwabtansu a kwarin Glen Fruin. Wanda ya ci gaba da amsa sunan, hukuncinsa kisa ne. Mutane suka fake da sunayen wasu gidaje, kamar Campbell da Murray. An ɗage dokar, aka sake maido ta, ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1774. Duk da haka sunan bai mutu ba, har ma ya iso ƙasarmu. Macgregor Laird ne ya kawo jiragen ruwa masu hayaƙi cikin Kwara a 1832, wani William MacGregor kuma ya yi gwamnan Ikko daga 1899 zuwa 1904.

Mu ma muna da namu misali a kusa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, an kira shi haka ne domin wata mace mai suna Tata ce ta rene shi. Yau jikokinsa da 'ya'yansu duk Ɗantata ne. Abin da ya faru ga Mac, shi ya faru ga wannan Ɗan.

To, mutanen Mande, watau Soninke da Malinke da Bambara na ƙasar Mali ta da, sun daɗe da irin wannan suna na zuriya. Jamu suke kiransa. Ture ɗaya ne daga ciki, tare da Sise da Tarawure da Fofana da Keita. A wurinsu kiran mutum da jamunsa gaisuwa ce, kuma kirari ne. Akwai ma wasan taubasantaka tsakanin jamu da jamu, kamar yadda Fulani ke yi da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa.

GIWA KO BAƘO

Masana da yawa suna ganin Ture ya fito ne daga kalmar giwa a harshen Soninke, mutanen da suka kafa tsohuwar daular Gana a yankin da ke tsakanin Mali da Muritaniya na yanzu. Wannan bai zama abin mamaki ba, gama zuriyoyin Mande da dama suna da dabbar da ake danganta su da ita. A labarun gargajiya na daular Mali kuma, ana lissafta Ture da Sise da Berete cikin gidajen malamai.

Amma shaidar da aka rubuta ta kawo wani abu dabam. A 1352 matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, yana kan hanyarsa zuwa fadar Sarkin Mali, ya sauka a wani gari mai suna Zagari. Ya ce mazaunan garin fatake ne baƙaƙe da ake kira Wanjarata. Tare da su akwai fararen fata daga arewa, kashi biyu bisa ga mazhabarsu. Kashi ɗaya ana ce musu Saganugu, ɗayan kuwa, mabiya mazhabar Malikiyya, ana ce musu Turi. Wanjarata su ne Wangarawa. Saganugu har yau sunan wata babbar zuriyar malamai ne a Mali da Kodebuwa. Turi kuwa ba ya bukatar fassara.

Ke nan shekara 670 da suka wuce, a bakin mutanen Mali, wannan suna yana iya nufin farin baƙo, ɗan kasuwa, wanda ya zo daga hamada. Haka aka sake yi daga baya. Sa'ad da sojojin Maroko suka ci daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, da yawansu suka zauna a Tumbuktu da Gawo suka auri 'yan ƙasa. Zuriyarsu ana kiransu Arma, sunan da suke amsawa kuwa Ture ne. Mawaƙin nan Ali Farka Ture, wanda ya rasu a 2006, daga cikinsu ya fito.

A nan ne labarin ya shigo bakinmu. Kalmar Bature, jam'inta Turawa, ba da mutanen Ingila ta soma ba. A tsohon birnin Kano Larabawan Tarabulus da Gadamas ake kira Turawa, har akwai unguwarsu mai suna Dandalin Turawa. Wasu masana suna danganta kalmar da wannan Turi na Ibn Battuta, watau Ba-ture, kamar yadda muke cewa Ba-kano ko Ba-gobiri. A ganinmu maganar ta zauna daidai, domin fataken da suka san kalmar a Mali su ne suka zo Kano. Idan haka ne, duk lokacin da yaro ya ce zai koyi Turanci, sunan nan yake ambata bai sani ba.

Muna kuma ganin bayanan biyu ba su ƙaryata juna ba. Sunan zuriya yana da ƙofa, kamar gidan gandu. Akwai waɗanda aka haifa ciki, akwai waɗanda suka shigo ta aure, ko almajiranci, ko bauta, ko don neman inuwar babban gida. Haka yake a tsaunukan Sikotilan ma, talakan da ke zaune a ƙasar wani shugaba yakan ɗauki sunan shugaban. Domin wannan, wanda ya ce dukan masu amsa Ture jini ɗaya ne, ya yi wa tarihi ƙari. Har a zamaninmu an shiga ta wannan ƙofa. Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar baƙar fata na Amurka, ya koma Gini da zama a 1969, ya ajiye sunansa na Sikotilan ya zama Kwame Ture, ya rasu a Konakiri a 1998.

YADDA SUNAN YA YI GABAS

Zinariya ce ta fara fitar da Wangarawa daga gida, goro ya kai su nesa. Tarihin sarakunan Kano ya ce sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, shugabansu kuwa Abdurrahman Zaite. Wani rubutu na 1650 a kan asalin Wangarawa ya sa zuwan nasa a zamanin Muhammadu Rumfa, wajen shekara ɗari bayan haka. Kowanne aka ɗauka, su ne suka ƙarfafa Musulunci da fatauci mai nisa a biranen Hausa.

Hanyar da ta fi shafarmu ita ce ta kogi. Daular Songhai ta miƙo kudu bisa Kwara har yankin da ake kira Dandi. Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a 1493, littattafai da yawa Muhammadu Ture suke kiransa, wasu kuwa suna cewa daga gidan Silla yake. A 1505 ya kawo yaƙi ƙasar Borgu ya yi hasarar mayaƙa masu yawa, bayan shekara kamar goma kuma Kanta na Kabi ya yi masa tawaye. Bayan faɗuwar 1591, ragowar gidan Askiya suka gangaro Dandi suka ci gaba da sarauta a nan. Abin da takobi ya kasa yi a Borgu, harshe ya yi shi. Dandanci, wanda reshen harshen Songhai ne, ya zama harshen kasuwa daga Gaya har Kandi da Paraku da Jugu. Wangarawan da suka zauna a garuruwan nan suka bar harshen Mande suka ɗauki Dandanci, amma ba su saki jamunsu ba. Shi ya sa za ka sami mutumin Jugu ba ya jin ko kalma ɗaya ta Malinke, ga shi kuwa Ture ne, ko Sise, ko Tarawure, ko Fofana.

Illo, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bagudo, ɗaya ce daga manyan masarautun Borgu uku, tare da Busa da Nikki. A wata ruwaya ta labarin Kisra, 'ya'yansa uku ne suka kafa su, Woru a Busa, Sabi a Nikki, Bio a Illo. Masu sarauta a Borgu ana kiransu Wasangari, mahaya dawakai ne masu bin addinin kakanninsu. Wangarawa kuwa Musulmi ne, suna zaune a unguwarsu dabam, ba su neman gadon sarauta. Sarki yana ba su tsaro a hanya, su kuma suna kawo masa doki da tufa da gishiri, suna rubuta masa wasiƙa, suna yi masa addu'a. An yi ɗaruruwan shekaru a haka, kowa da addininsa. A Jugu har garin ya rabu biyu, wajen fada dabam, unguwar da ake kira Wangara dabam.

HANYAR GWANJA

Abin da ya sa sunan ya yi amfani shi ne hanyar goro. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kaka, ya bi ta Jega, ya gangaro bakin Kwara ya yi fito a wajen Illo ko Gaya, sa'an nan ya shiga Borgu ya nufi Jugu, daga can sai Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yanzu. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin zango, uban dawaki yana lura da biyan kuɗin hanya, akwai kuma malamin ayari mai riƙe da lissafi. Suna tafiya da kanwa, da baƙin turkuɗi, da rigunan Kano, da jan fata, da gishirin Foga wanda ake dafawa a kwarin da ke kusa da Gaya. Su komo da goro a kan jakuna, an naɗe shi da ganye, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida har shekara guda. A 1826 Clapperton, wani mutumin Sikotilan, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin Borgu yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka.

A irin wannan tafiya babu banki, babu takardar shaida, babu ɗan sanda. Baƙo ya sauka a garin da bai san kowa ba, yana ɗauke da dukiyar mutane. Wa zai ba shi masauki, wa zai ajiye masa kaya, wa zai tsaya masa idan ya karɓi bashi? A nan jamu yake aiki. Bature na Zagari ya zama maigida a Jugu, ɗan'uwansa mai suna iri ɗaya yana Salaga, wani yana Gaya. Wanda ya ci amana a gari ɗaya, labari zai riga shi isa na gaba, gama ba sunansa kaɗai ya ɓata ba, na gidan duka ne. Fataken Hausa da suka gaji hanyar a ƙarni na 19 sun yi dabara irin wannan da abin da suke da shi, watau asali. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kowanne ya san nasa da zanen fuska da aure a tsakaninsu. Ɗantata da muka ambata Ba'agale ne, da goron Gwanja ya fara.

Abin lura shi ne, a ƙasar Hausa jamun bai daɗe ba. Wangarawan Kano da Katsina sun zama Hausawa sarai, suka koma ɗan wane da ɗan wane, abin da ya rage shi ne sunayen unguwanni da gidajen limanci. A Borgu kuwa, inda suke tsiraru a tsakiyar mutane masu wani harshe da wani addini, sunan shi ne katangarsu, suka riƙe shi da kyau.

Hanyar ta mutu da sauri. Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko.

IYAKA DA ALƘALAMI

A ƙarshen 1894 Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna Lugga, ya yi tsere da Kyaftin Decoeur na Faransa, kowa yana son ya riga isa Nikki ya ƙulla yarjejeniya. Lugga ya riga da 'yan kwanaki, amma bai ga sarki ido da ido ba, da limamin garin ya yi magana. Faransawa suka riƙe wannan hujja suka ce takardarsa ba ta da ƙarfi. Aka yi ta ja-in-ja har ranar 14 ga Yuni 1898, sa'ad da aka sa hannu a Faris aka raba Borgu biyu. Nikki da Kandi da Paraku suka faɗa hannun Faransa cikin Dahomey, wadda ta sake suna ta zama Benin a 1975. Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Yarjejeniyar ta ce layin zai taɓa kogi mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Bayan 'yan shekaru Ingilishi suka cire Illo da Ka'oje daga Borgu suka haɗa su da ƙasar Gwandu, inda muke har yau, cikin Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991.

Layin bai hana aure da cin kasuwa ba, amma ya kawo alƙalami iri biyu. Suna ɗaya ya zama Touré a ƙasashen Faransa, Turay a Saliyo, Touray a Gambiya. Sise ya zama Cissé, Tarawure ya zama Traoré. Sunayen Borgu ma ba su tsira ba. Woru da Sabi da Bio a asali sunayen jerin haihuwa ne, ɗan fari da na biyu da na uku, 'yar fari kuwa Yon. A takardun Benin sai ka ga Orou da Chabi da Gnon. Da magatakarda ya tambayi sunan mahaifi ya rubuta Bio a gurbin sunan iyali, sai Bio ya zauna, yau akwai ɗan fari mai amsa sunan ɗa na uku.

A namu gefen makarantar boko ce ta tilasta suna na biyu. Yara da yawa a Arewa aka rubuta su da sunan garinsu, shi ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari da Tafawa Ɓalewa. Wasu aka sa musu sunan uba, wasu na kaka, wasu na maigidan da ya kai su makaranta. A gidajenmu na masu bi an ƙara na uku, sunan baftisma, har mutum ɗaya ya zama Bitrus a littafin ikilisiya, Sabi a gida, Ɗan'illo a kasuwa. Dā wannan bai dami kowa ba. Amma tun daga ƙarshen 2020, da gwamnati ta ce a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, kwamfuta ce take duba suna, ita kuwa ba ta san Sabi da Chabi mutum ɗaya ba ne. Harafi guda ya isa ya tsai da asusun banki, ko ya hana yaro rajistar jarrabawar shiga jami'a, sai an je kotu an yi rantsuwa an buga a jarida. Waɗanda wannan ya fi samu su ne iyalan da suke da uwa a Segbana uba a Tsamiya, ko takardar haihuwa daga Kandi da takardar firamare daga Illo.